Kantar Hannun Yayana

A Dannakola aka haife shi, shekarar da fara ta cinye gero,
Isyaku, wanda muke kira Bawale.
Ni ƙanensa ne. Ni na ja masa igiyar shanu
ranar da ya fara kama garmar huɗa.
Kunyar farko ta karkace kamar sawun maciji,
Baba ya ce, ku bar shi, ƙasa za ta miƙar da shi.

Ta kuwa miƙar.
Shekara ashirin yana lissafi da dami,
gero a jigawa, gyaɗa a gindin kuka,
riɗi a inda kowa ya rantse ba ya yi.
In ya ba ka hannu kuka gaisa
sai ka ji kamar ka shafi kirgi.

Taki ne ya fitar da shi daga gona.
Buhu ɗari aka rubuta wa garinmu,
sha bakwai suka iso, su ma bayan an gama maimai.
Ya tsaya a ƙofar sakatariya a Daura, laka har ƙwauri,
ya ce a nuna masa inda tamanin da ukun suka kwana.
Ba a nuna ba. Amma an ji.

Kuɗin takara tiya-tiya aka tara su.
Gwaggo Tasalla ta ba da akuya mai ciki,
mahauta suka ba da cinikin kasuwa guda.
Kansila sau ɗaya, daga nan sai majalisa, Katsina,
inda masu sheƙi suka sa masa Onarabul Garma.
Ya amsa. Har ya sa aka rubuta a bayan mota.

An ce ya taɓa miƙewa ana tsaka da kasafi
ya ce, ranku ya daɗe, shuka ba ta jiran sa hannu.
Aka yi dariya, aka buga tebur,
aka miƙa maganar ga kwamiti.

Duk sanda hadari ya haɗo daga gabas
wayata sai ta yi ƙara cikin dare:
Tanimu, an yi na shuka?
Tona ka gani, lema ta kai kamu ɗaya?
Ina amsawa, ina jin sanyin na'ura a muryarsa.

Ba zan wanke shi tas ba, ko da yake ciki ɗaya muka fito.
Rijiyar da ya yi wa unguwar Gwaggo alkawari
ba a haƙa ba har muka kai ta makwanci.
Lado, abokin kiwonsa, ya wuni a bakin get,
aka ba shi kuɗin mota ta hannun direba.
Gilashin nan mai duhu ya koya masa wuce mutane.
Amma gadar rafi tasa ce.
Tun da aka gina ta, ba mai naƙuda da ta sake kwana a tsallake,
ba amalanken da ruwa ya sake ja.

Zaɓe na uku aka kayar da shi da ƙuri'a ɗari biyu da ɗoriya.
Akwatin unguwar Gwaggo bai ba shi ko goma ba.
Ya ce, sun yi daidai.

Da bazara ya dawo, ba jiniya, ba 'yan rakiya.
Ruwan farko ya karɓi hauya daga hannuna,
kafin hantsi tafinsa ya yi bororo,
ya fashe, ya jiƙa ƙota.
Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi dariya:
shekara goma sha ɗaya, Tanimu,
ashe har ƙasa sai ka sake neman ƙuri'arta.

Bana daminsa arba'in da biyu.
Jiya bayan la'asar ya ba ni hannu.
Kantar ta fara dawowa,
a gindin yatsu uku tukuna.